Sanya wa jirgin rimot ƙafafu masu naɗewa: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin masu haɗa ƙananan jiragen sama na rimot idan suka zo sanya ƙafafun sauka masu naɗewa. A nan, "na'ura" ita ce akwatin da ke naɗe ƙafa, "sanda" ita ce ƙafar da ke riƙe da taya, "mazauni" shi ne katakon da ake ɗaure na'ura a kai, "rami" kuwa wurin da taya ke shigewa ne a cikin fiffike.

Me ake samu da ƙafafu masu naɗewa, kuma sun dace da kowane jirgi?

Abu biyu ake samu: kyan gani da raguwar jan iska. Jirgin yaƙi irin P-51 Mustang ko Spitfire da ke shawagi ƙafafu a waje bai yi kama da na gaskiya ba, kuma da zarar tayoyi sun shige za ka ga ya ƙara gudu ya daina sunkuyar da hanci. Sai dai akwai abin da ake biya. Nauyi yana ƙaruwa, ana yanke wani sashe na fiffike, kuma ƙafar da ke naɗewa ba ta jure mummunar sauka kamar kafaffiya. Wanda har yanzu jirginsa ke tsalle-tsalle a kan titi idan ya sauka, gara ya dakata sai hannunsa ya faɗa. Jirgin koyo mai fiffike a sama ba ya bukatarsu sam.

Iri nawa ne, kuma wanne ya kamata in zaɓa?

Iri uku ne. Na farko mai sarbo, wato ɗan akwatin lantarki da ke juya hannunsa bisa umarnin rimot: sarbo ɗaya a tsakiyar fiffike yana tura ƙafafu biyu da siraran ƙarafa. Ba shi da nauyi, amma saitinsa yana cin lokaci. Na biyu mai iska: akwai tankin iska, da bawul ɗin cikawa, da bawul ɗin sarrafawa wanda ƙaramin sarbo ke motsawa, da tiyo zuwa kowace ƙafa. Yana da ƙarfi ƙwarai, shi ya sa ya daɗe yana mulkin manyan jirage, kuma kamfanin Robart na Amurka ya yi suna a kansa. Na uku mai lantarki: kowace na'ura tana da ƙaramar mota da zaren ƙarfe mai juyawa a cikinta, ana cusa wayarta kai tsaye a risiba, wato akwatin da ke karɓar umarnin rimot a cikin jirgi, ba sarbo ba tanki.

Ga mai sanyawa karon farko, mai lantarki ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, muddin an kula da maganar wuta da ke ƙasa. Mai iska yana da wani nau'i da iska ke ɗaga ƙafa, sifirin kuma ya sauke ta. Idan iska ta zurare, ƙafafu sai su faɗo su kulle da kansu, kuma wannan kariya ce mai daraja ga jirgi mai tsada.

Yaya zan san girman da ya dace da jirgina?

Ka auna jirgin a shirye yake ya tashi, da batir ko mai a ciki, sannan ka duba iyakar nauyin da aka rubuta wa na'urar. Kada nauyin jirginka ya zauna daf da iyakar. Idan an rubuta kilo 3 kuma jirginka kilo 2.9 ne, hau zuwa na gaba da shi, musamman idan a kan ciyawa kake sauka, domin ciyawa tana jan taya baya da ƙarfin da kwalta ba ta yi. Ka duba kaurin sandar da na'urar ke karɓa: milimita 3 ga ƙananan jirage, 4 ko 5 ga matsakaita. Sannan ka auna tsayin na'urar da kaurin taya ka gwada da kaurin fiffike a daidai wurin da za su zauna. Mutane da yawa suna mantawa da cewa fiffike yana sirancewa yayin da ake nufar ƙarshensa da bayansa.

Me ya sa ake sayar da masu digiri 85, 90 da 95, har da masu juyawa?

Saboda fikafikan jirage da dama ba a shimfiɗe suke ba, suna ɗan ɗagawa sama daga gangar jiki zuwa ƙarshe. Idan ka kwantar da na'ura mai digiri 90 a cikin irin wannan fiffike, sanda za ta kwanta daidai a rami, amma idan ta sauko ba za ta tsaya a miƙe da ƙasa ba, za ta karkata gwargwadon ɗagawar fiffiken. Ƙafar da ke naɗewa zuwa ciki, wajen gangar jiki, kamar ta Mustang, takan so ƙasa da 90. Wadda ke naɗewa zuwa waje, kamar ta Spitfire ko Bf 109, lissafinta daban ne. Hanya mafi tabbas ita ce ka zana fiffiken ta gaba a takarda da girmansa na gaskiya, ka ja layin sanda a buɗe da kuma a naɗe, ka auna kusurwar da ke tsakaninsu.

Masu juyawa na jirage irin F4U Corsair da P-40 Warhawk ne. Ƙafarsu baya take naɗewa, kuma tana juyawa digiri 90 a hanya don taya ta kwanta a cikin fiffike. Akwai ta dama da ta hagu, kada a musanya su. Irin wannan naɗewa tana taɓa daidaiton nauyi sosai. Dubi amsar cibiyar nauyi, wato wurin da nauyin gaba da na bayan jirgi ke daidaita.

Ba a ƙera fiffikena don wannan ba. Zan iya yanka shi in sa?

Sau da yawa za a iya, da sharaɗi ɗaya da ba a sassautawa: ba a yanke babban ginshiƙin fiffike, wato dogon katakon ko sandar kabon da ke ɗauke da nauyin jirgi a sama. Haska fitila mai ƙarfi ta bayan rufin fiffike don ka ga inda ginshiƙi da haƙarƙari, wato siraran katakan da ke ba fiffike siffarsa, suke kafin wuƙa ta taɓa komai. Na'ura da rami su zauna gabansa ko bayansa. Haƙarƙarin da rami ya ratsa za a iya yanke su, amma a mayar da ƙarfin da aka cire ta hanyar manna musu filawud da zagaye ramin da bango. Idan taya ba za ta shiga ba sai an ci ginshiƙi, a rage girman taya ko a haƙura.

A daidai ina taya za ta tsaya idan ƙafa ta sauko?

Ga jirgi mai ƙaramar taya a wutsiya, manyan tayoyi suna gaban cibiyar nauyi. Idan ka ɗaga wutsiya jirgi ya miƙe, ka dube shi daga sama, tsakiyar taya ya kamata ya kasance kusa da bakin fiffike na gaba. Idan ta koma baya da yawa, jirgi zai riƙa kifawa da hanci da zarar ciyawa ta riƙe shi. Idan ta yi gaba da yawa, zai riƙa tsalle wajen sauka, yana kuma juyewa gefe wajen tashi. Ga jirgi mai ƙafa a hanci, manyan tayoyi suna ɗan bayan cibiyar nauyi kaɗan, yadda idan ka danna wutsiya ƙasa ka saki, hanci zai komo a hankali.

Idan jirginka yana tafiya lafiya da kafaffun ƙafafu, ka yi alamar inda tayoyinsa suke kafin ka cire su, ka mayar da sababbin wuri ɗaya. Haka nan ka kiyaye tsayin, don farfela ta samu rata daga ƙasa ko da wutsiya ta ɗagu.

Yaya ake gina mazauni a fiffiken balsa?

A nan ne aikin yake, kuma yawancin abin da ake ɗora wa na'ura laifinsa daga mazauni yake fitowa. Balsa, katako mai laushi marar nauyi, ba ta riƙe sukuru, ba ta kuma jure bugu. Ana bukatar sanduna biyu na katako mai tauri, masu kaurin kamar milimita 10 ga jirgi mai kilo 2 zuwa 4, waɗanda za su ratsa haƙarƙari aƙalla biyu, uku sun fi. Kowane haƙarƙarin da za su zauna a kai a manna masa filawud na jirgi mai kaurin milimita 1.5 zuwa 3, wanda zai miƙe har ya taɓa ginshiƙin fiffike. Dalili shi ne bugun sauka ya bi ta taya, ya hau sanda, ya shiga katako, ya wuce filawud, ya ƙare a ginshiƙi. Duk inda wannan hanya ta yanke, a nan fiffike zai tsage.

A yi amfani da gam ɗin ifoksi mai minti 30, ba mai minti 5 ba, domin mai jinkiri yana ratsa katako kuma yana ba ka lokacin saiti. Dabarar da ke hana matsala ita ce ka ɗaure na'urar a kan sandunan biyu tun kafin ka manna su, ka naɗe ta da leda don gam kada ya shiga, sannan ka sa duka cikin fiffike su bushe tare. Ta haka fuskokin katakon biyu za su zo daidai da juna. Ka cike kusurwoyi da katako mai kusurwa uku.

Wajen ɗaurewa, ka huda ramin sukuru da siririn bakin dirila tukuna, ka shigar da sukuru ka fitar, ka ɗiga sufa gulu mai ruwa-ruwa a ramin, ka bari ya bushe sarai kafin ka mayar. Wannan yana taurara zaren da sukuru ya yanka. Ka auna tsawon sukuru kada ya ɓullo ta saman fiffike. A manyan jirage an fi amfani da bolti da noti mai haƙora da ke nutsewa a bayan katako.

To fiffiken soso fa?

Soso ba shi da haƙarƙari, don haka sai a baza nauyin a fili mai faɗi. A yanka farantin filawud mai kaurin milimita 3 zuwa 4 wanda ya fi gindin na'ura faɗi da aƙalla santimita 2 ta kowane gefe, a manna masa wasu filawud biyu a tsaye da za su nutse cikin soso kamar tushe, a kai su ga sandar kabon idan akwai. A yi 'yan huje-huje a soson da tsinke don gam ya samu wurin kamawa. Ifoksi ko gam mai kumbura duk suna yi. Sufa gulu na yau da kullum yana narkar da wasu nau'o'in soso, haka ma wasu fenti, saboda haka a gwada a kan guntun da aka yanke.

Wane irin rata zan bari a ramin taya?

Milimita 4 zuwa 6 a zagayen taya, kuma ka ƙara ta ɓangaren baya. Sandar waya tana lanƙwashewa baya kaɗan-kaɗan da kowace sauka, kuma ramin da ya yi cif a ranar farko zai riƙe taya a rana ta uku. Taya kuma tana iya ci gaba da juyawa bayan tashi, tana ɗauke da laka ko ciyawa. Ka fara yanka ƙaramin rami, ka naɗe ƙafa a hankali, ka yi alamar inda ta taɓa, ka faɗaɗa da samfefa. A yi wa ramin bango da siririyar balsa ko roba, a tabbata babu wayar sarbo ko tiyo da ke leƙowa ciki. Idan injin mai ne a jirgin, a shafe katakon ramin da ifoksi da aka tsinka, domin mai yana jiƙa katako ya ɓata gam.

Me ya sa tayata ke juyewa gefe bayan sauka ɗaya ko biyu?

Ƙananan sukurorin da ke matse sanda a cikin na'ura ba sa iya riƙe ƙarfe mai santsi kuma zagayayye. Ka saita taya inda kake so, ka ɗaure sukuru har ya bar tabo a jikin sanda, ka zare sandar, ka goge wurin tabon da magagari ya zama shimfiɗaɗɗe, faɗin kamar milimita 4. Kada ka zurfafa, domin a nan sanda za ta karye. Sannan ka mayar da ɗigon gam ɗin zare mai launin shuɗi, irin Loctite 243. Mai launin ja ba ya kwancewa sai da zafi, kuma kowannensu yana fasa roba, don haka ɗigo ɗaya a jikin sukuru ya isa, kada ya gangara cikin na'ura.

Kafin ka goge, ka karkatar da gaban tayoyin biyu zuwa ciki da digiri 1 zuwa 2. Wannan yana taimaka wa jirgi mai taya a wutsiya ya miƙe a kan titi. Idan gabansu ya buɗe waje, jirgi zai riƙa yawo. Ba a lanƙwasa sanda tana cikin na'ura. A cire ta, a kama ta a bais. Yankan wannan ƙarfe kuwa sai da faifan yanka, zarto ba ya cin sa, kuma a sa tabarau.

Yaya ake haɗa masu lantarki da risiba, kuma me ya sa jirgi ke ɗaukewa idan na taɓa makunni?

Kowane aiki yana da tasharsa a rimot da risiba, kuma bisa al'ada tasha ta 5 ce ta ƙafafu, a kan makunni mai matsayi biyu. Ana haɗa na'urori biyu ko uku da waya mai rassa zuwa tashar. Ka bar iyakar tafiyar tashar a kashi 100 ta kowane ɓangare, domin na'urar tana jiran sigina ta tsallake wani mataki kafin ta motsa. Idan an rage, tana iya yin shiru. Wasu na'urorin kuma suna rikicewa idan an kunna saitin rage saurin sarbo a rimot. Ka duba ƙarfin wutar da aka rubuta: da yawa 4.8V zuwa 6V suke so, kuma batir mai 7.4V kai tsaye zai ƙona su sai in an rubuta sun yarda da shi.

Ɗaukewar da kake gani faɗuwar wuta ce. Idan ƙafa ta maƙale, motarta tana zuƙar wuta da yawa kafin ta yanke kanta, wutar risiba ta faɗi, risiba ta mutu na ɗan lokaci ta sake tashi. A sama wannan ɗan lokacin ya isa a rasa jirgi. Ƙaramin BEC, wato abin da ke rage wutar batir ya ciyar da risiba da sarbo, da ke cikin na'urar sarrafa mota sau da yawa ba ya ɗaukar sarbo huɗu ko biyar tare da ƙafafu uku. Maganin shi ne BEC na daban mai amfiya 5 ko fiye, ko kuma a ba ƙafafu nasu batir: a zare jar waya daga filogin da ke shiga risiba, a bar ta sigina da baƙa, a ciyar da ja da baƙa daga batirin na biyu. Duk gwajin da za a yi a kan tebur, a cire farfela tukuna.

Mai sarbo yana ta ƙara kuma ƙafa ba ta kullewa. Ina kuskuren?

Sarbon ƙafafu na musamman ne, yana juyawa digiri 180 daga ƙarshe zuwa ƙarshe ba tare da tsayawa a tsakiya ba, kuma ba a rage masa tafiya daga rimot. Saiti duka a hannunsa yake. Ka tura maɗaurin na'ura da yatsa daga kulle na sama zuwa kulle na ƙasa, ka auna tafiyar. Idan milimita 24 ce, ramin da ƙarfe zai shiga a faifan sarbo ya kasance milimita 12 daga tsakiya. Idan ya fi haka, sarbo zai ci gaba da turawa bayan an kai ƙarshe, ya yi ta ƙara yana shanye batir. Idan bai kai ba, ƙafa ba za ta kulle ba, kuma za ta durƙushe a sauka ta farko. A ɗan lanƙwasa ƙarafan biyu kusa da faifan don kada su yi karo, a kuma tabbata ba sa gantsarewa idan ana turawa.

Iska nawa ake sa wa masu iska, kuma yaya ake gano yoyo?

Yawanci tsakanin psi 80 zuwa 120, gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta. Psi ma'aunin matsin iska ne, kuma psi 100 kusan bar 7 ne a ɗaya ma'aunin. Ka cika, ka ƙirga sau nawa ƙafafu ke hawa da sauka kafin su gaza. Idan bai kai sau biyar ko shida ba, tankin ya yi ƙanƙanta ko akwai yoyo. Ka cika ka bar shi awa ɗaya ƙafafu a sama, ka sake gwadawa suna ƙasa, domin yoyon yana iya kasancewa a layi ɗaya kawai. Ruwan sabulu a kan kowace mahaɗa zai nuna kumfa. A yanka bakin tiyo a miƙe da reza, kada a matse shi da almakashi, kuma a nisanta shi da salansa. Ɗigon man silikon a cikin layi yana hana zoben roba bushewa. Idan ƙafafu suna bugawa da ƙarfi kamar tarko, a sa 'yar matsattsiyar mahaɗa a tiyo don rage gudun iska.

Ƙafar hanci tana karkacewa ta ƙi shiga rami. Me zan yi?

Dole taya ta miƙe kafin ta shiga. Idan da igiyoyin waya biyu ake juya ta, a tsara su yadda za su yi tauri ƙafa tana ƙasa, su saki idan ta naɗe, sannan a sa ƙaramin sifirin da zai mayar da taya tsakiya. A bi da igiyoyin ta cikin siririn tiyo don kada sakakkiyar igiya ta sarƙe sanda. Mafi tsabta shi ne a ba sitiyari nasa sarbo a tasha ta daban, a haɗa shi da tashar wutsiya a cikin rimot, a sa haɗin ya mutu idan makunnin ƙafafu yana sama. In ba haka ba, duk lokacin da ka juya wutsiya a sama, taya tana murzar bangon rami.

Naɗewar ƙafafu tana canja cibiyar nauyi?

Ya danganta da inda suke nufa. Masu naɗewa gefe ba sa canja komai sosai. Ƙafar hanci da ke naɗewa baya, da ƙafafun Corsair da P-40, suna mayar da nauyi baya, kuma jirgi mai nauyin wutsiya shi ne mai wuyar riƙewa. Idan littafin jirgin ya faɗi yadda za a auna, a bi shi. Idan bai faɗa ba, a auna a duka matsayi biyu, a tabbata wanda ya fi komawa baya bai wuce iyakar da aka bayar ba. Jirgi mai fiffike a ƙasa an fi auna shi a kife.

Na'ura tana aiki a hannu, amma da na ɗaure ta sai ta maƙale. Me ya faru?

Kusan kullum mazauni ne bai daidaita ba. Idan kusurwa ɗaya ta fi sauran tudu ko da rabin milimita, ɗaure sukurori huɗu yana murɗa jikin na'ura, abin da ke zamewa a ciki ya cije. Ka sassauta sukurori ɗaya bayan ɗaya kana gwadawa. Wanda ka sassauta ta saki, a ƙarƙashinsa giɓin yake. Ka sa siririyar wosha ko ka goge tudun. Idan ba haka ba ne, ka shafa alli a jikin taya ka ga inda ya bar tabo a rami, sannan ka koma amsar rata. Yashi a jikin zaren ƙarfe ma yana kawo haka. A wanke, a sa ɗan busasshen man shafawa, domin giris mai kauri ƙura yake tarawa.

Wanda ke aiki a ƙasa ya ƙi a sama kuwa, iska ce ke danne shi. Rage gudu kafin ka taɓa makunni, kuma ka yi gwajin ƙasa jirgi yana tsaye daidai a kan abin ɗorawa, ba a kife kawai ba, don mota ta ɗaga nauyin taya kamar yadda za ta yi a sama. Sau ashirin a jere ba tare da tangarɗa ba kafin tashin farko.

Yaushe zan sa ƙofofin rami?

Bayan jirgi ya tashi sau da dama ƙafafu suna aiki lafiya. Ƙofar da ke manne a jikin sanda ita ce mai sauƙi, amma iska tana kama ta, kuma idan ta fi rami faɗi ko ta karkace za ta hana ƙafa kullewa. Ƙofofin ciki masu buɗewa da rufewa da kansu suna bukatar nasu sarbo da na'urar jeranta aiki, wadda ke buɗe ƙofa, ta jira, ta motsa ƙafa, sannan ta rufe. Ka ba da jinkirin da ya fi lokacin tafiyar ƙafa da daƙiƙa ɗaya ko biyu, domin ƙafa ta fi jinkiri a cikin iska.

Ƙafa ɗaya ta ƙi saukowa jirgi yana sama. Yaya zan sauka?

Ka hau sama kaɗan, ka rage gudu, ka mayar da makunni sama ka sake saukewa, sau biyu ko uku kawai. Mai iska yana ƙarar da tanki da kowane gwaji, mai lantarki kuma yana jan wutar da aka yi bayani a amsar risiba. Wani lokaci jan hanci sama da ɗan ƙarfi yana fizgo tayar da ta cije. Ka wuce ta gabanka a hankali wani ya duba maka ko ta kulle.

Idan ta ƙi, ka naɗe sauran ka sauka a kan ciki, a ciyawa. Sauka da ƙafa ɗaya tana sa ƙarshen fiffike ya caki ƙasa jirgi ya wuntsila, ta kuma tumɓuke mazaunin ƙafar da ta fito. Ka shigo da fikafikai a daidai, ka kashe mota ko inji daf da taɓa ƙasa don farfela ta tsaya, ka riƙe hanci sama har gudu ya ƙare. Idan akwai filaf a fiffike, wato sassan bayansa da ake saukewa don rage gudu wajen sauka, ka mayar da su sama kafin taɓawa don kada ciyawa ta fizge su. Kafin tashi na gaba, ka cire na'urar ka duba katakon da ke ƙarƙashinta da fitila, ka girgiza kowace sanda gaba da baya ka ji ko mazaunin yana motsi.